Ranar da Muka Kai Baba Kallon Kifi

A shekarata ta uku a Alƙahira ne tallafin karatunmu ya ɗauke. Ba wanda ya rubuto ya ce an daina. Wata ya wuce, wani ya bi shi, kullum muka je tambaya sai a ce mu ƙara haƙuri, gida ma ana cikin wani hali. Shekarun tsuke bakin aljihu ne a ƙasarmu, lokacin da mutane suke bin layi saboda sabulu da gwangwanin madara, ga fari ya taɓa amfanin gona. Ni kuma na baro ƙauyenmu na gabashin Kunci da niyyar in karanto Larabci in koma in koyar, ga matata Hindatu tare da ni, ga 'yarmu Ummi da ta kai shekara shida a Masar.

Muka bar ɗakin da muke haya muka koma can saman bene, kan rufi, inda mutanen gidan suke shanya da kiwon tattabaru. Ɗaki ɗaya ne da wani lungu na girki. Na sami aiki a gidan gurasa da ke bayan layinmu. Daga sallar asuba zuwa hantsi ina zaro gurasa daga bakin wuta, in ɗora a kafaɗa in raba wa shaguna, sannan in wanke fuska in tafi aji in yi ta gyangyaɗi a gaban malamin nahawu. Mai gidan gurasar bai taɓa riƙe sunana ba. Duk baƙin mutum a wurinsa ɗan Sudan ne, na gaji da gyara masa na ƙyale shi.

Da yamma nakan tsaya a bakin katangar rufin in duba gabas da yamma, gini ne kan gini har inda ido ya tsaya. Sai in tuna garinmu, inda gona take jikin gona, kowace da kukarta ko gawonta, in jaki ya yi kuka ka san na gidan wane ne. Kewa ta sha sa ni hawaye a wurin nan, ba zan ɓoye ba.

Amma da za ka karanta wasiƙun da nake aikawa gida, sai ka rantse a gidan gwamna nake kwana. Na san a zaure ake karanta su, malamin firamare yana ɗaga murya, dattawa suna gyaɗa kai. Wa zai rubuta yunwa a karanta a gaban mutane? Sai in rubuta cewa muna lafiya, karatu yana tafiya, nama kuwa kullum sai mun ture.

Ƙaryar nan ce ta kawo min Baba.

Baba dillalin shanu ne, kuma daga Kunci har Ɗambatta ba wanda bai san hannunsa ba. Shi ba ya sayen sa da ido. Yakan ce ido gashi kawai yake gani. Sai ya dafa tozo, ya bi gadon baya da tafin hannu a hankali, ya matsa haƙarƙari, ya tsunkuli gindin wutsiya, ya buɗe baki ya shafa haƙora. Daga nan zai gaya maka shekarun san, da abin da ake ba shi, da ko an ɗura masa ruwa da safe don cikinsa ya fito. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In ina kusa ya ce "kai", in ina nesa ya ce a kira masa wancan.

Ƙanena Sani ne ya rubuto cewa yanar ido ta rufe wa Baba idanu. Na hagu ya riga ya mutu, wani mai cire yanar ido da allura a kasuwa ya ƙarasa shi. Na dama ne ya rage, a asibitin birni kuma an ce aikin yana da wuya, kayan aiki sun yi ƙaranci. Tun da Allah ya buɗa min a Masar, in ji Sani, an sayar da san da Baba yake kiwo a turke, za a haɗo Baba da Alhaji Mamman na Dawakin Tofa, mai safarar littattafai da turare. Na karanta wasiƙar sau uku, na miƙa wa Hindatu. Ta karanta, ta dubi ɗakinmu.

A filin jirgi na durƙusa na gaishe shi. Da na miƙe sai ya laluba ya dafa kafaɗata, hannun ya gangara ta bayana a hankali har ƙugu, ya dawo. Na ɗauka madafa yake nema saboda cunkoso. Ya amsa gaisuwar Hindatu, ya ɗaga Ummi sama yana cewa "Uwata, Uwata," don sunan mahaifiyarsa ta ci. Daga nan muka nufi gida, muka hau benenmu hawa shida. Ni kuwa, Allah ya yafe min, har da ɗan jin sauƙi a raina cewa ba zai ga tsagar bango da tabarmar da ta mutu ba.

Muka bar masa katifa, muka koma ƙasa. Hindatu ta tsara yadda za a yi: kullum za a sayo ɗan nama a sa a kwanon Baba shi kaɗai, mu mu ci wake da gurasa, a riƙa motsa cokali kamar ana shagali.

Kwana biyu da zuwansa Alhaji Mamman ya haɗa ni da wani ɗan ƙasarmu da ake kira Tafinta, mai jiran marasa lafiya a bakin masaukin baƙi. Mutum ne mai fara'a, ga babbar riga ga ƙamshi. Ni Larabcin littafi na iya, na likitoci ban san kansa ba. Ga kuma son a sani, ina so in kai Baba wuri mai sanyi da daɓe mai santsi, ko bai gani ba ya ji a ƙafarsa. Tafinta ya kai mu wani asibitin kuɗi, ya zaunar da mu a kujera mai laushi, ya karɓi abin da ya ce za a ajiye kafin aiki, ya shiga wata ƙofa. Muka zauna har la'asar. Da na je na tambaya, aka ce ba su san shi ba, ƙofar nan kuma titi take fita. Yawancin kuɗin san Baba ya bi ta ƙofar nan. Na ce wa Baba likita ne bai zo ba. Ya ce, "To."

Wadda ta fitar da mu ita ce Ummu Sabri, wata bazawara da ke hawa na huɗu, mai murya kamar tana kiran wani a ƙetaren kogi. Ta hau shanya ta tarar da Hindatu tana kuka a bayan zannuwa. Ashe goge-goge take yi a sashen ido na asibitin koyarwa na gwamnati, shekara da shekaru. Washegari ta kama hannun rigar Baba kamar ƙaninta, ta ratsa da mu layi tana faɗa da kowa, har gaban wani likita mai furfura. Ya haska fitila a idon, ya daɗe yana dubawa. Ya ce yanar ta nuna har ta wuce, in aka ƙara jinkiri za ta kashe idon gaba ɗaya, kuma babu gyara bayan nan. Ya ce tun da mahaifin ɗalibi ne, ba za a karɓi komai ba sai ɗan abin magani. Ya sa mana ranar Litinin.

Na dawo gida kamar in yi rawa a kan bene. Sai bayan sallar la'asar Baba ya gyara zama ya ce, "Kai, yaushe Alhaji Mamman zai koma?"

Na ce, "Lahadi, Baba."

"To, ka gaya masa tare za mu tafi."

Na ce, "Baba, aikin fa Litinin ne."

"Wane aiki? Idona lafiyarsa ƙalau. Hazo ne ɗan kaɗan, kowane tsoho yana da shi. Damina ta kusa, ba a kai taki gona ba, Sani kuwa in ba a tsaye a kansa ba sai ya shuka gero a inda ake sa gyaɗa."

Na roƙe shi. Alhaji Mamman, wanda kunyar abin Tafinta ta hana shi sakewa, ya zo ya roƙe shi. Ummu Sabri ta hau ta yi masa faɗa da Larabci na kusan rabin sa'a, yana gyaɗa kai yana cewa "Madalla" bai ji ko kalma ɗaya ba. Baba ya kafe. Na rasa abin da ke damunsa. Na ɗauka tsoron wuƙa ne, bayan abin da mai allura ya yi masa. Abin da na sani shi ne in ya hau jirgin Lahadi, ya gama ganin duniya.

Ranar Juma'a da dare Hindatu ta kira ni lungun girki. Ta ce, "Malam, kai da shi duk taurin kai gare ku, baki ba zai yi ba. Ummi ta shekara tana naci a kai ta gidan namun daji. Mu je gobe, mu duka. In ya tsaya a gaban giwa bai gan ta ba, shi da kansa zai gaya wa kansa gaskiya."

Na ce wannan ai tozarta tsoho ne. Ta ce makanta ta fi tozarci. Na je na roƙi mai gidan gurasa hutun yini ɗaya, ya ba ni yana gunaguni, har ya cusa min gurasa mai zafi a hannu ya ce in kai wa tsohon.

Baba bai yi musu ba, tun da Uwarsa ce ta ce a je. Ranar Asabar da safe ya sa farar rigarsa, ya naɗa rawani, ya zuba goro da 'yar kanwarsa a aljihu. Muka shiga bas, aka matse mu har muka isa. Wurin ƙato ne, ya fi ƙauyenmu da gonakinsa na kusa, ga itatuwa dogaye, ga iyalai sun baje a kan ciyawa da tukwanensu. Ummi ta kama hannunsa na dama, ni ina hagu ina jiran dabararmu ta ci.

Ba mu yi taku hamsin ba Baba ya tsaya ya ɗaga hanci.

"Kura," in ji shi. "Biyu ne ma. Ɗaya tana jan ƙafa."

Muka ƙarasa, kuraye biyu, ɗaya tana ɗingishi. Hindatu ta dube ni, na dube ta.

Haka aka yi ta yi. Kafin mu kai keji ya riga ya faɗi mai gidan. Ya ji kukan gauraka ya ce irin na fadamar bayan garinmu ne. Ya ji zabi ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ashe har zabi ake biya a kalla a ƙasar nan? Da na sani na taho da namu." A wurin jakin dawa ya saurari takunsa ya ce jaki ne, amma bai taɓa ɗaukar mangala ba, gata ya yi masa yawa. Ummi ta ce, "Kaka, ka ga zanensa?" Ya ce, "Ina kallo, Uwata," ko gezau. Giwar da muka dogara da ita kuwa, tun daga nesa ta busa hanci ta tona kanta.

Abin ya ƙare a wani shinge da aka ajiye wani sa mai dogayen ƙahoni, irin na kudancin Sudan. Mai kula da shi yana miƙa wa mutane ciyawa su ba shi. Baba ya ji numfashin sa, sai na ga jikinsa ya canza, kamar an mayar da shi kasuwar Ɗambatta. Ya saki hannun Ummi, ya yi wannan 'yar ƙarar da yake yi da harshe, san ya matso. Ya zura hannu ya dafa tozo, ya bi baya, ya matsa haƙarƙari, ya tsunkuli gindin wutsiya. Kafin mai kula ya hana shi, ya kama leɓen san ya shafa haƙora.

"Kai, gaya masa shekararsa shida. Ya yi ciwo bara, bai gama mayar da jiki ba. Turmin haƙorinsa na hagu yana damunsa, da gefe ɗaya yake tuƙa. Kuma ba sa ba shi kanwa."

Na fassara. Mutumin ya riƙe baki, ya rantse da Allah haka ne, har da ciwon bara. Ya kira abokan aikinsa. Baba ya ciro kanwa ya miƙa, san ya lashe har da bin hannunsa. Mutane suka taru, wasu suna tafi, wata mata ta ɗaga jaririnta ya ga shehin shanu. Baba ya goge hannu a rigarsa, ya juyo wajena.

"Tambaye shi, makaho zai iya wannan?"

Ban tambaya ba. Muka zauna a gindin wata bishiya, Hindatu ta zuba shinkafa da wake, ta tura wa Baba kwanonsa mai nama. Yana ci yana ba Ummi labarin wata ɓauna da kakansa ya taɓa gani. Ni kuwa lissafi nake ta yi a raina. Gobe Lahadi, dabara ta juye a kanmu, mun kawo shi ne kawai ya ƙara samun hujja.

Na ce mu tafi gida. Ummi ta ɓata fuska, ta ce an yi mata alkawarin gidan kifi. Ban ga amfanin ba, amma alkawari ne. Muka sake hawa bas zuwa can.

Gidan kifin an gina shi kamar kogon dutse. Kana shiga sai sanyi da duhu-duhu, a jikin bango an huda tagogi an sa gilashi, bayan kowane gilashi ruwa ne da fitila, kifaye suna yawo. Ni kaina ban taɓa ganin irinsu ba. Mu da muka san tarwaɗa da ƙarfasa, ga wani shuɗi, ga wani ja da fari, ga wani kamar an yi masa kwalliyar sallah. Amma wurin shiru. Kifi ba ya kuka, ba ya taku, warinsa ba ya ratsa gilashi. Na ji hannun Baba ya ƙara nauyi a kafaɗata.

Ummi ta janye shi tana tsalle. "Kaka, ga wani! Kaka, dubi wannan!" Shi kuma yana bin muryarta, duk inda ta tsaya ya tsaya ya ce, "Masha Allah. Ikon Allah." Ya yi haka a taga ta farko, ta biyu, ta uku, yana fita lafiya. Sai igiyar takalminta ta kwance, ta tsaya ta sunkuya tana ɗaurawa. Baba ya ji ta tsaya. Ya juya ya fuskanci gilashin da ke wurin, ya gyara rawani.

"Kai! Wannan ya fi duka," in ji shi da ƙarfi. "Dubi ƙibarsa."

Tagar nan an kwashe ruwanta ana gyara. Babu komai a ciki sai bokiti da tsintsiya.

Ummi ta ɗago ta duba, ta dube shi. Ba dariya ta yi ba, tsoro ne ya kama ta. Ta ce a hankali, "Kaka, babu kifi a nan. Bokiti ne."

Baba ya miƙa hannu ya taɓa gilashin. Ya bi shi da tafin hannu daga sama zuwa ƙasa, a hankali, yadda yake bin bayan sa. Ya matsa taga ta gaba, mai cike da kifi, ya sake shafawa. Duk ɗaya ne a hannunsa, sanyi da santsi. Na tsaya ina kallon hannun nan da ya ciyar da mu, wanda bai taɓa ba shi kunya a kasuwa ba, yana lalube a banza. Wallahi da na san haka abin zai yi ciwo da ban yarda da shawarar ba. Hindatu ta juya baya tana goge ido da mayafi.

Akwai wani dakali a gefe. Ya laluba ya zauna, ya jawo Ummi ya tsayar da ita a gabansa. Da ita ya yi magana, amma kowa ya san da wa yake.

"Uwata, wane launi ne wanda kika fi so?"

"Mai ruwan ɗorawa, Kaka. Yana da ɗigo baƙi a wutsiya."

"To, ban gan shi ba. Ke ma ban gan ki ba. Tun da na zo, inuwa nake gani tana kirana Kaka." Ya shafa kanta. "Gaya wa ubanki ba wuƙa nake tsoro ba. Gaya masa tun a filin jirgi na shafa bayansa. Na ƙirga ƙashin bayansa ɗaya bayan ɗaya. In sa aka kawo min haka, sai in tambayi mai shi laifin me ya yi masa."

Na ce, "Baba..."

Ya ɗaga hannu. "Da Uwata nake magana. Gaya masa a gidansa ni kaɗai nake tauna ƙashi, sauran cokali kawai nake ji. Gaya masa yana fita kafin gari ya waye, ya dawo yana warin hayaƙi, ban san makarantar da ake karatu a bakin murhu ba. Ranar da muka yini a kujera mai laushi, na ji lokacin da numfashinsa ya canza. Yanzu kuma ya ce min aikin ido kyauta ne. Mutumin da ya rubuto min yana ture nama, shi zan yarda da shi? So yake ya sayar da sauran naman jikinsa ya saya min ido. Ni na ga duniya shekara sittin da wani abu. Ba zan ƙara ganin ta da cikin jikata ba."

Ummi ba ta gane rabin maganar ba, ta juyo tana kallona ko za ta maimaita. Na durƙusa a gabansa a kan daɓen nan mai laima, mutane suna ratsa mu. Ban taɓa yi wa Baba doguwar magana ba sai ranar. Na gaya masa komai: tallafin da ya tsaya, ɗakin rufi, gidan gurasa, Tafinta da ƙofarsa, da kunyar da ta sa nake rubuta ƙarya. Na naɗe hannun rigata na kamo hannunsa na ɗora a kan tabon ƙuna da ke damtsena, ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Duk wannan gaskiya ne, Baba, ka taɓa da hannunka. Maganar asibiti ma gaskiya ce. Na rantse da Allah ba za ta ci abincin Ummi ba. In ka tafi gobe, san ya tafi a banza, ni kuma ba zan yafe wa kaina ba har in mutu."

Hindatu, wadda ba ta taɓa ɗaga murya a gabansa ba, ta durƙusa ta ce, "Baba, ni ce na ce a kawo ka nan. Ka yafe min. Amma ni na ji likitan da kunnena."

Ya daɗe yana riƙe da hannuna. Sannan ya sake shi, ya ce, "Uwata, kifin nan naki mai ruwan ɗorawa, zai kai wani makon?"

Ta ce, "Zai kai mana!"

"To. Gaya wa ubanki Alhaji Mamman ya gaida gida. Kuma daga yau kwano ɗaya za a zuba, kowa ya sa hannu. In na ji cokali yana ƙara a banza, na fasa."

Ranar Litinin Ummu Sabri ta raka shi har ƙofar ɗakin aiki tana yi masa addu'a da ƙarfi, yana cewa "Madalla." Bayan kwanaki aka cire bandeji, daga baya aka ba shi wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Farkon wanda ya gani sosai Ummi ce. Ya riƙe fuskarta da hannu biyu ya ce ashe har da wushiryar mahaifiyarsa ta ɗauko. Ni kallo ɗaya ya yi min, ya kau da kai ya ce bangon nan yana son yaɓe.

Muka koma gidan kifi, kamar yadda ya yi alkawari. Ummi ta ja shi kai tsaye wurin mai ruwan ɗorawa. Ya sa tabarau dab da gilashi, ya bi shi da kallo sama da ƙasa.

"Ado kawai," in ji shi. "Ba nama. Ko miya ba zai yi ba."

Amma sai da mai gadi ya zo ya ce za a rufe sannan muka iya ɗaga shi daga wurin.

Ya ƙara wata guda da mu kafin likita ya sallame shi. Kwano ɗaya muke ci, yana zaune yana lura da hannun kowa, in na yi sanyi ya turo min tsoka da yatsa ba tare da ya dube ni ba. Wasiƙar da na rubuta a lokacin ita ce ta farko da na faɗi gaskiya, shi ya zauna a kaina har na gama. Sani ya amsa cewa ruwa ya sauka, an yi shuka, kuma gero yana inda ake sa gero. Tallafin bai dawo ba sai bayan shekara, amma na gama karatuna, na koma na koyar har na yi ritaya.

Ranar da zai tafi, tare da wasu 'yan Ungogo da suka zo jinya, muka raka shi filin jirgi. Yana tafe da ƙafarsa, yana karanta wa Ummi launin kowace mota. Ba ya bukatar madafa. Amma da na miƙe daga durƙuson sallama, sai na ji hannun nan a kafaɗata. Ya gangara ta gadon bayana a hankali, ya matsa haƙarƙari, ya dawo. Idonsa yana kan Ummi.

"Uwata, gaya wa ubanki an fara mayar da jiki, amma bai kai kasuwa ba tukuna. A ƙara masa dusa."

Ummi ta juyo ta gaya min, kalma da kalma. Shi kuwa bai ɗauke hannun ba sai da aka kira jirginsu karo na biyu.